Tumun gonar mahaifinmu

Da muna yara a Katagum ba wanda yake ɗaura agogo a gidanmu. Inuwar katanga ke sanar da mu azahar, gero kuma shi ke faɗa mana inda shekara ta kai. Yau ko mai sayar da rake a tasha sai ya leƙa waya kafin ya amsa maka sallama.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani aminina da direba. Kiran yayata ne ya tashe mu. A gidanmu ba a ɗanɗana sabon gero sai babban gida ya fara gasa tumu ya yi bisimilla. Babban wanmu ya rasu bara, girman ya faɗo kaina. Yayata ta kira ta ce, "Alhaji, gero ya yi ido, yara na jiranka." Hidimomi suka riƙe ni, yau da gobe, alhali tumu ba ya jira. Da zarar zangarniya ta bushe, sai wata shekara.

Titin Wudil zuwa Jama'are ya yi kyau, sai 'yan wuraren da ake kauce wa rami. Na ce mu tsaya mu karya, direba ya ce, "Alhaji, ba taim." Kalmar nan ta Turawa ta bi ni ƙasashe da yawa. Lokacin da nake kwas a Ingila na ga da ita suke tambayar ƙarfe nawa, da ita suke ƙidaya sau nawa, da ita suke faɗin zamanin kakanninsu. Suna ajiye ta, suna kashe ta, suna cewa wani ya ɓata musu ita, kamar wata hajar kasuwa. A Sudan na ji wakt, Fulaninmu na cewa wakkati, Barebarin da suka zauna a Azare na cewa loktu, duk ban ji wadda ake gudu da ita kamar taim ba. Aminina ya ce wa direba, "Kai da ba ka da taim, jiya wa na gani yana kallon ƙwallo tun la'asar?" Muka tsaya.

A Azare muka ci masa da miyar taushe a gefen tasha. Mai masar 'yar Barno ce, na gaishe ta da yarensu, ta ƙara mana biyu kyauta. Abin da muka biya kuwa, a ƙuruciyata da shi ake sayen akuya har da igiyarta. Garin ya cika ya batse, Keke Napep kamar fara, unguwannin da na sani gonaki duk sun zama gidaje.

Daga nan muka yi arewa. Kafin mu kai Sakwa sai na ga abin da nake gudu. Dama da hagu an kwantar da gero, mata na yankan kai, amalanke na kwasar dammuna. Na leƙa ta taga na tambayi wani manomi ko ana samun tumu. Ya yi dariya ya ce, "Baba, tumu kuma? Ai sai dai fura." Daga nan aminina ya daina zolaya.

Gaba kaɗan ruwa ya cinye hanya. Muka bar direba da mota muka hau babura, muka bi ta jigawa. Ni da na sha hawa jirgin sama, ga ni na ƙanƙame ɗan acaɓa, babbar riga a naɗe a cinya, hula a hammata. Ya ce, "Baba, sassauta mini, haƙarƙarina ne." Ban sassauta ba.

Mun shiga Katagum rana ta karkata. Na tarar da yayata zaune a tabarma, idonta ya yi rauni, da muryata ta gane ni. Ban iya tambayarta zancen tumu ba. Muka gaisa, aka kawo ruwa, aka tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, har ta tambayi ƙafata mai ciwo. Sannan ta ce, "Ɗan boko, ka gama yawon? Tashi mu je gona."

An girbe gonar mahaifinmu kusan duka, dammuna na jere ba a taɓa ko ɗaya ba. Amma can gefen tsamiya, inda ƙasa ke riƙe danshi, akwai 'yan kunyoyi tsaye shar. Ashe tun farkon damina ta sa aka jinkirta shuka wurin. An kewaye shi da tsummoki da gwangwanaye saboda tsuntsaye. Ta ce, "Na san halinka tun kana goye. Ko haihuwarka sai da Inna ta yi ta jira."

Aka hura wuta da kara. Na karyo zangarniya na ɗora, tana ƙara tas-tas, ƙamshin da na rabu da shi shekaru ya tashi. Na murza a tafin hannu, na hure ƙaiƙayi, na yi bisimilla, na yi wa iyayenmu da wanmu addu'a. Ban gama shafawa ba jikoki suka yi caa. Uwar wasu daga cikinsu ta ce tun da maƙwabta suka fara gashi suke leƙe ta katanga suna haɗiyar yawu, amma ko ƙwaya ba su saka a baki ba. Na miƙa wa yayata nata. Haƙoranta ba sa iya taunawa, ta dai riƙe a hannu tana shinshina.

Washegari muka ci kifin kogi, muka koma inda direba yake. Na miƙa masa tumu a leda, ya zauna a inuwa yana murzawa a hankali, bai ambaci taim ba.

Mun iso Kano lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Allah da Ya ba ni 'yar'uwar da ta shuka gero daidai da jinkirina, na gode wa yaran da suka haƙura. Na ga agogon manyan birane, amma na gidanmu a gona yake. Daga bana, idan damina ta yi nisa ba na karɓar gayyatar kowa sai na kira Katagum na ji inda gero ya kai.