Taurari Biyu Daga Anti Mai Jan Biro

Injiniya ake ce masa, amma bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Telolin layinsu ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, ranar da ya tayar da wani keken ɗinki da mai shi ya riga ya fid da rai, har ya mayar da shi teburin ajiye kwanuka. Sunan ya bi shi har furfura. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai sayar da littattafai da mai gyaran takalma. In ka leƙa za ka ga kawunan kekuna jere a kan katako, da gwangwanayen madara cike da noti da kwarkwaro, da benci guda wanda ƙafarsa ɗaya ta gaza, aka tokare da bulo. Warin man keke kuwa ya kama komai, har rigar da ke jikinsa.

Hannunsa na da kyau a aiki, bakinsa ne nauyi. Keke in ya yi ƙara sau ɗaya ya san ciwonsa, amma a tambaye shi abin da ke ransa sai ya hau sosa ƙeya.

Ya yi aure yana da shekara ashirin da bakwai. Malamar firamare ya aura, mace mai son karatu, wadda ko wuta take hurawa da littafi a ɗaya hannun. Allah ya ba su 'ya ɗaya, shi yake ce mata 'Yar Baba. Yarinyar na da shekara bakwai wani aboki ya kawo masa labarin kamfanin ɗinki a wani gari mai nisa, suna neman mai gyara. Ya ce wa Malama wata uku zai yi ya ga kamun ludayin wurin. Wata biyar da zuwansa kamfanin ya rufe. Kunyar dawowa hannu rabbana ta hana shi motsi. Ya ce wata mai zuwa, ya sake cewa wata mai zuwa, har ƙaryar ta ishe shi, ya daina ɗaukar waya. Ba mace ya samu a can ba, ba shaye-shaye ya faɗa ba. Shiru kawai ya yi, kullum shirun na ƙara nauyi. Mahaifin Malama ya rasu, labari ya iske shi, ya haɗa jaka, ya zauna a bakin katifa har motar ta tashi. A shekara ta shida yayanta ya nemo shi ya ce a sauwaƙe mata. Ya rubuta takarda bai yi musu ba. Sai da ya cika shekara takwas ya dawo, da akwatin kayan aiki da tari.

Malama ba ta hana shi ganin 'yarsa ba, ba ta kuma taɓa zaginsa a gabanta ba. In sun haɗu a hanya takan gaishe shi yadda ake gaida maƙwabcin da ya tashi daga unguwa. 'Yar Baba ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Asabar ɗin farko ta kowane wata takan zo shagon, ta zauna a bencin nan, ta duba masa jini, ta yi masa faɗan shan shayi da sukari cokali huɗu.

A irin wannan zuwan ne ta fashe da dariya tana kallon waya.

"Me ya faru?"

"Mama ce, Baba. Ta sake yi wa wata marubuciya wankin babban bargo."

Ta nuna masa. Wani zaure ne na masu karatun littattafan soyayya, kowa ya gama littafi sai ya zo ya ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta ra'ayinsa. Malama na ciki da sunan Anti Mai Jan Biro. Ya karanta layi uku, sai ya ji kamar tana tsaye a bayansa. Muryarta ce sak, da yadda take fara magana da "To, bari mu yi gaskiya."

"Sa mini abin nan a wayata," ya ce.

"Kai da ko takardar magani ba ka karantawa?"

"Ke dai sa mini."

Ta sa masa, ta tambaye shi sunan da za ta rubuta. Ya ce ta sa Wani Bawan Allah.

Daga ranar, duk littafin da Anti Mai Jan Biro ta yi wa sharhi sai ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya nema. Mai littattafai ya samu abin tsokana.

"Injiniya, da tsufanka? Wace ce mai sa'ar?"

"Kawo littafi, ka bar surutu."

Karatunsa a hankali yake, da yatsa a kan layi, tsakanin keke da keke. Duk shafin da ya wuce sai ya bar masa tambarin baƙin mai. In ya gama ya koma ya sake karanta abin da ta ce, ya gyaɗa kai shi kaɗai, wani lokacin ya ce a fili, "A'a, nan kam kin matsa mata." Shekara ɗaya da rabi yana haka, bai taɓa rubuta ko harafi ba. Ya san tana ƙin littafin da ake suma a kowane babi. Ya san idonta ya fara ba ta wahala, don ta yi ƙorafin ƙananan rubutu. Abin da bai sani ba game da ita a shekara takwas na zama ɗaki ɗaya, a nan ya sani.

Sai ga wani littafi mai shuɗin bango ya fito, zaure ya ɗauka. Labarin wani magidanci ne da ya bar matarsa da 'ya'ya biyu shekara goma, ya dawo ya tsaya a ƙofar gida ruwan sama na dukansa, ya yi ta biko babi bayan babi, har a na talatin matar ta buɗe masa ƙofa, aka rungumi juna, surukai suka shirya.

Wata ta rubuta: "Taurari biyar! Na yi kuka har mijina ya zaci rasuwa aka yi." Wata ta ce: "Ni da na samu mai tsaya mini a ruwa, ko yayyafi ne, wallahi na yafe." Wani namiji ya ce littafin ya yi, sai dai gwarzon ya cika kuka. Wata kuma ta ce ta tura wa yayarta da ta yi yaji, ga shi har ta koma.

Injiniya ya cinye littafin a kwana tara, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya zauna jiran Anti Mai Jan Biro. Ranar Talata da hantsi sharhinta ya fito. Taurari biyu.

"To, bari mu yi gaskiya. Marubuciyar ta iya zuba zance, amma ba ta taɓa jiran mutum ba. Babi ashirin da tara tana nuna mana wahalar mai dawowa, shekara goman matar kuwa shafi biyu ta ba su. Ina ranar da yaro ya yi zazzaɓi ta goya shi ita kaɗai zuwa asibiti? Ina ranar da aka tambaye ta ina maigidan, ta yi murmushi ta ƙirƙiro amsa? Wadda aka bari ba a ƙofa take zaune ba. Tana tashi, ta koyi gyaran famfo, ta saba da kwana a tsakiyar gado. In ya dawo, matar da ya bari ba ta nan, wata ce daban a gidan. Tauraro ɗaya na hausar littafin, ɗaya na bangon."

Ya karanta sau huɗu. Wani tela ya zo karɓar kekensa, ya ce masa ya dawo gobe, alhali keken na nan a gyare. Da azahar ya goge yatsunsa da tsumma, ya fara rubutu da yatsa ɗaya.

"Anti, gaskiya kika faɗa. Amma wataƙila shi ma mutumin ba daɗi ya je ji ba. Akwai wanda kunya ke ɗaure wa ƙafa."

Ba a jima ba ta amsa. "Kunya ba ta hana ɗaukar waya, Bawan Allah."

'Yan zaure suka shigo, wasu na bayansa, wasu na bayanta. Shi ko ta kansu bai bi ba. Shekaru ke nan rabon da ta mayar masa da magana fiye da gaisuwa. Kwana uku suna yi, ya rubuta, ta amsa. Har aski ya je ya yi, bai san dalili ba. A rana ta huɗu ya rubuta abin da ya kwana biyu yana juyawa a ransa.

"Ni a ganina zama kamar ɗinki ne. In zaren sama ya tsinke ba a jefar da keke. Sake zarawa ake yi, a daidaita shi da na ƙasa, a ɗora daga inda aka tsaya."

Ya samu masu yabo goma sha ɗaya. Ita ba ta ce komai ba.

Washegari da la'asar yana sunkuye a kan wani keke, hasken ƙofa ya ragu. Ya ɗago. Malama ce, da jakar makaranta a kafaɗa da alli a gefen hannun riga. Tun da ya buɗe shagon ba ta taɓa zuwa ba. Ya miƙe da sauri har gwangwani ya kife.

"Sannu da zuwa. Ga wuri, zauna."

"A'a, ba zama zan yi ba. Ina ganin maganar zaren sama da na ƙasa na san kai ne." Ta dubi katakon da ke bayansa, inda littattafai suka kai talatin, duk da baƙin yatsa a gefe. Ta daɗe tana kallonsu. "Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi."

"Duka ka karanta?"

"Duka."

Ta sauke numfashi. "Da muna tare, ko shafi ɗaya na roƙe ka ka saurara, sai barci ya ɗauke ka."

Ya sosa ƙeya. Shekara da shekaru ya yi yana tara maganganu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ki yafe mini."

"Na yafe maka tun kafin ka dawo, Baban 'Yar Baba. Ba don kai ba, don in samu barci. Ba wannan ya kawo ni ba." Ta gyara jakarta. "A makaranta ni ce wadda miji ya gudu ya bari. A unguwa haka, a cikin dangi haka. Zauren nan kaɗai ne inda ba wanda ya san ni da kai. Can ina shiga in yi dariya, in faɗi abin da na ga dama. Yanzu duk abin da zan rubuta sai na tuna kana karantawa."

"Zan fita. Yau ɗin nan zan goge."

"Ko ka fita, na riga na sani."

"Ba yadda za a yi ke nan? Ko a hankali?"

Ta dube shi ba fushi, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. "Tarin nan naka, ka je a duba. Yarinyar na damuwa." Ta juya ta tafi. Mai littattafai, da ya ji komai ta jikin katako, ranar bai yi tsokana ba.

Kafin sati ya zagayo sunan Anti Mai Jan Biro ya ɓace daga zaure, da duk sharhin da ta taɓa yi. 'Yan zaure suka yi ta cigiya. "Ina Antinmu ta shiga?" "Allah ya sa lafiya." Wata ta ce ai wani Bawan Allah ne ya dame ta da musu. Ya ga wannan, ya kife wayar. Bayan wata guda wani sabon littafi ya fito, aka koma kansa.

'Yar Baba ta zo Asabar ɗinta. Ta duba jininsa, ta rubuta a takarda, ba ta yi faɗan sukari ba.

"Ni na sa maka abin nan," ta ce, idonta a ƙasa. "Sati biyu Mama ba ta yi mini magana sosai ba."

"Laifina ne, ba naki ba. Tana karatu dai?"

"Tana yi. Ba ta dai gaya wa kowa yadda ta gani."

Shekara biyu suka wuce. Tarin ya zauna masa, idonsa ya fara hazo, zara allura sai ya fito bakin ƙofa. Teloli da yawa sun koma kekunan lantarki masu allo, waɗanda bai san kansu ba, aiki ya ja baya. Wata Asabar 'Yar Baba ta zauna tana murza zoben hannunta, ta kasa fara magana.

"Faɗi mana," ya ce.

"Mama za ta yi aure. Wata mai zuwa. Wani ne da ya yi ritaya daga gidan ruwa, matarsa ta rasu. Ta ce in gaya maka kar ka ji a bakin mutane."

Yana riƙe da wani ɗan noti tsakanin yatsu biyu. "Yana da kirki?"

"Yana da kirki, Baba."

"To. Allah ya sanya alheri."

Notin ya suɓuce ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin katako. Ya durƙusa yana laluben ƙasa da tafin hannu. Ita ma ta tattare fararen kayanta ta durƙusa, ta haska masa da waya. Suka ɗaga gwangwanaye, suka ja benci, suka daɗe suna nema. Ba su gan shi ba. Da lokacin aikinta ya yi ta karkaɗe gwiwa ta yi masa sallama, ta bar shi a durƙushe.