Wadda Inna Ba Ta Ƙirgawa

Ina shekara ta biyu a karatun digiri na biyu kan ƙididdiga, can jami'a a kudu, malamin da ke duba aikina ya kira ni biro, wato ofishinshi. Mutumin kirki ne, amma in ya cire tabarau ya aje bisa tebur, to ka san babu lafiya. Ran nan na iske tabarau bisa tebur.

Bincikena kan tazarar da ke tsakanin auren mace da haihuwarta ta fari ne, a ƙauyukanmu na bakin gulbi. Wata uku na yi bisa kabu-kabu tsakanin Garu da Madekali da Tumbutu, gida gida, ina tambayar mata da Hausa ko Dandanci, ina cike takardu. Har bayana sai da ya sage.

Ya ce, "Ɗalibata, a ƙasarku kowace amarya sai ta daɗe haka kafin ta haihu? Wannan lissafi bai kama hankali ba. Ko dai gindin itace kika samu kika cike takardun da kanki?"

Ni! Wallahi da ba malamina ba ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ya ba ni wata guda in gano inda matsalar take, in ba haka ba ba zai sa hannu in tsaya gaban masu jarrabawa ba, shekara biyu ta tafi banza.

Na taho gida Malanbil ina huci. Na iske Inna a rumfar tsakar gida tana zaɓen albasa, tana ware mai ruɓa. Ko ruwa ban sha ba na jawo tabarma, na fiddo sabuwar takarda. Na ce bari in gwada tambayoyin a kanta, tunda ita dai na san amsarta.

"Inna, ɗiya nawa kinka haifa?"

"Biyar," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Mu shida ne. Na ce ta lissafo su. Ta fara daga ƙanena da ke tuƙin mota a Gaya, ta gangaro har auta, kowa da sunanshi.

"Inna, ni fa? Tsinto ni anka yi?"

Ta jefe ni da ɓawon albasa. "Ke, ba ki da kunya? Karatun da ake cewa kina yi ke nan?"

Nan na gane. Ni ce 'yar fari. A wurinmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta sa shi a lissafi gaban mutane, kunya ce. Ɗakin kakata na tashi, kuma tun da nike ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, sai "ke wannan". Na san haka kamar yadda na san hanyar kasuwa. Amma da Faransanci anka rubuta tambayar, ni kuma da Faransanci na yi tunaninta. Ashe matan nan duka ɗa na biyu sunka ba ni a matsayin na fari, ni kuwa ina ta rubutawa ina jin kaina gwana.

Na bayyana mata abin da ya faru da aikina, hawaye na zuba, rabi haushi rabi albasa. Ta miƙe ta karkaɗe zane.

"Wa ya ce miki uwa ake tambaya? Gobe ki samo babur biyu."

Haba, Inna da ko biki sai an ja ta! Ta bar albasarta ga maƙwabciya, ta hau bayan kabu-kabu tana riƙe da mayafi tana salati a kowane rami. In mun shiga gida sai ta zauna cikin mata, a gaisa har in gaji, a yi zancen shinkafa da ciwon ƙafa. Can sai ta nuna wata da haɓa, ta tambayi ta kusa da ita: "Ita wagga, wa ke gaban wanda take kira babba?" Sai dariya ta tashi. Mai ɗa ta rufe fuska, ƙanwarta ko surukarta ta zayyano komai, har da damanar da anka yi haihuwar. Ni dai nawa rubutu.

Cikin mako uku munka gama zagayen. Na zuba sabbin amsoshin cikin na'ura, tazarar nan ta koma daidai hankali. Na aika wa malam, ya bugo waya da kanshi ya ba ni haƙuri, ya ce in ƙara babi guda kan wannan al'ada.

Ran da zan koma, ina haɗa kaya da hantsi, na ci karo da takardar gwajin nan da na fara cikewa. Don tsokana na ce, "Inna, saura taki. Ga shi ba ki da ƙanwa kusa."

Na ɗauka wani ɓawon zai biyo baya. Sai ta juya mini baya, ta fuskanci bango, ta ci gaba da ɗaure mini ƙullin kifi.

"Rubuta. Ran Laraba ce, bayan azahar, shekarar da gulbi ya ci mana shinkafa. Ta zo da gashi cike da kai. Ba ta yi kuka ba sai da ungozoma ta watsa mata ruwa. Kwana uku ban runtsa ba, ina sa hannu ga hancinta ko tana numfashi. Da kakarta ta ɗauke ta, wata guda tuwo bai yi mini daɗi ba."

Na rubuta duka. Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma sai na ji ina son matar nan har ƙirjina na ciwo. Takardar ba ta da gurbin suna, amma na ce, "Sunanta fa, Inna?"

Ta ja ƙullin ta ƙara ɗaurewa.

"Ke da kinka iya boko. Rubuta da hannunki."