Mama Liya da Kwat Mai Hula Biyu

Kafin ƙarfe bakwai na safe Mama Liya ta riga ta share rumfarta da ke bayan coci a Muchia, ta ɗiga wa kekunan ɗinki huɗu mai, ta warware zaren da 'yan koyo suka cukurkuɗe jiya. Akwai keke na biyar a kusurwa wanda rabonsa da ɗinki shekara tara, amma shi ma sai ta goge shi, wai tare suka fara aiki. Daga nan ta zaro almakashinta daga cikin tsohuwar safar mijinta, Baba Obadiah, ta ɗora a kan tebur, ta yi gajeriyar addu'a, ta zauna jiran mata. Haka take yi shekara talatin da huɗu. A ƙarshen watan nan za ta daina, don idanunta sun ce sun gaji, kuma ramin allura bai ƙara faɗi ba.

Babu wanda zai sa wa titi sunanta. Mu da muka yi boko a Samaru mun saba karrama wanda ya rubuta takarda a kan yadda ya kamata a taimaki matan karkara. Wadda ta taimake su kuwa, yawanci gayyatarta ake yi ta dafa shinkafar taron. Don haka bari a faɗi nata tun tana ji da kunnenta.

Mama Liya ba ta yi wa kowa ɗinki. Koyarwa take yi. Ki kawo mata yadi ki ce ta ɗinka miki, benci za ta nuna miki. Kuma ba a yanka yadi a rumfarta sai an yanka takarda. Telolin Sabon Gari, Allah Ya ƙara musu basira, da ido suke yanka: tela ya dube ka sama da ƙasa, ya ja alli, ya sa almakashi. In riga ta zo daidai, gwanintarsa ce. In ba ta zo ba, kai ne ka rame. Ita kuwa takardar buhun siminti take tarawa. A kakkaɓe, a goge da dutsen guga, a zana gaban riga da bayanta da hannuwa, a yanke, a gwada a jiki da fil, sannan a shimfiɗa a kan yadi. Bangon rumfar cike yake da irin waɗannan takardu a rataye a ƙusa, kowace da sunan mai ita.

"In kin ɓata takarda akwai wata a ƙarƙashin benci," in ji ta. "In kin ɓata yadi, sai ki je gida ki yi bayani."

Matan da suka zauna a bencin nan suna da labarai da yawa, amma wanda kowa ke fara bayarwa shi ne na Scholastica, wadda Mama Liya ke kira Sikola, don ta ce cikakken sunan ya fi ƙarfin haƙoranta.

Shekara shida ke nan. Sikola malamar gona ce. Ta yi shekara huɗu tana yawo da takardun digiri kafin wata ƙungiyar aikin gona ta ɗauke ta, ta ba ta babur, ta ce ta riƙa zagaya ƙauyukan da ke bayan Samaru tana nuna wa manoma sabon iri. Aikin na damina ne, don manomi ba ya neman shawara a kan masarar da ke cikin rumbu. 'Yarta Peace tana wata bakwai, tana shan nono, mijinta yana koyarwa a Kafanchan, sai ƙarshen wata yake zuwa. Saboda haka duk inda babur ya je, Peace na goye a baya.

Wata rana cikin Yuni ruwa ya tare su a hanya. Ba a riƙe lema a kan babur, ledar da ta yafa kuma iska ta ɗauke ta. Peace ta yi kwana biyar a asibiti da ciwon ƙirji. Likita ya ce in ruwa ya sake dukan yarinyar haka, ba ya son ya faɗi sauran. Aka ba Sikola hutun mako biyu. Ta rubuta takardar barin aiki, ta bar wurin kwanan wata a buɗe, ta sa a jaka. Rigunan ruwan kasuwa ta gwada su: wadda ta rufe goyo sai ta rufe har da hancinsa.

Sai ta ga hoton wata kwat mai hula a waya, mai faɗi, tare da zanen yadda ake yanka ta. Ta buga zanen a wani shago a Samaru, takarda ashirin da huɗu, ta liƙe su da gam, ta naɗo ta kawo Muchia kamar mai ɗauke da taswirar gari.

"Mama, ko zare ban iya sa wa allura ba."

"Kin iya babur?"

"Na iya."

"To wannan keken ba ya faɗawa rami. Zauna."

Yadin da ruwa ba ya ratsawa, shuɗi, a wurin wata mai sayar da yadi, Oyindamola, aka samo shi a kasuwar Sabon Gari. Tana aunawa tana gargaɗi: "Ƙarshen bandir ke nan o! In kin ɓata, kada ki dawo ki yi mini kuka a shago."

Ranar awo aka yi abin da ake yi a kowane shagon tela a ƙasar nan. Mama Liya ta miƙa hannu ta ce, "Kawo yarinyar in riƙe miki, ki tsaya sosai." Sikola ta kwance goyo, ta miƙe kamar soja, aka zagaya ta da tef. Ta duba lambobin da ke jikin zanen, ta zaɓi nata, ta ƙara lamba ɗaya saboda goyo, kamar goyo 'yar ƙibar Kirsimeti ce. Da aka zo gwada takardar a jiki, Peace tana kan cinyar Mama Liya tana jan mata tabarau, su biyun suna ta dariya. Takarda ta zauna daram. Aka yanka yadi.

Kwana tara Sikola tana kan keke. Hannun hagu ta ɗinke shi a ramin dama. Hular, mai yanki uku, sau huɗu tana farke ta. Ta farko ta fito da tsini kamar mazurari, matan benci suka ce a ajiye ta don ɗura manja. Mama Liya ba ta taɓa keken ba ko sau ɗaya. Tsayawa take a bayanta ta ce, "A hankali. Yadin ba gudu zai yi ba."

Rana ta goma kwat ta haɗu. Sikola ta sa, ta ja zif har wuya, ta ɗaga hula. Kai, ta yi kyau! Aka yi guɗa, aka yi tafi, ta taka daga ƙofa zuwa keke na biyar ta dawo tana juyi. Ana cikin haka Rachel, wata gwauruwa manomiya daga Zabi da ke koyon ɗinkin kayan makaranta, ta cire fil daga bakinta ta ce:

"To, Peace fa? A aljihu za ki sa ta?"

Sikola ta cire kwat, ta goya 'yarta, ta mayar. Zif ya ƙi haɗuwa, tsakaninsa da ɗan'uwansa ya fi tafin hannu biyu. Da aka ja da ƙarfi sai kan yarinyar ya shige ƙarƙashin yadi, ta tsala ihu. Saura kwana uku hutu ya ƙare. Sikola ta zauna a benci, ta buɗe jaka, ta fiddo takardar barin aikin nan, ta tambaya ko akwai mai biro.

Na halarci tarurruka da yawa inda abu ya lalace. Yawanci akan kafa kwamiti, kwamitin ya gano cewa laifin na wanda ba ya wurin ne. Ga Bature can a ƙasarsa wanda ya zana kwat bai san goyo ba, da an ɗora masa, ba zai ma ji ba. Mama Liya ba ta neme shi ba.

"Laifina ne," ta ce. "Ni na karɓi yarinyar nan ranar awo. Shekara ashirin da takwas ina ce wa mata su kawo yaro in riƙe, su tsaya sosai. Ban taɓa tambayar kaina ba ko haka mace take tsayawa a waje. Sikola, mayar da takardar nan. Gyara goyonki."

Aka sake awo, wannan karon mutum biyu a cikin tef ɗaya. Aka jawo takardar siminti aka zana sabon baya mai tudu, da rami a inda kan Peace yake fitowa, da wata 'yar hula ta biyu. Sannan Mama Liya ta tura almakashinta gaban Sikola.

"Tsaga bayan kwat ɗin, daga wuya har ƙasa."

"Mama! Kwana tara fa!"

"Na sani, a gabana aka yi su. Tsaga."

"Don Allah ki yanka mini."

"Hannuna na ciwo."

Baba Obadiah, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ba ya ƙarya sai a kan shekarunsa, ya shaida cewa da yammacin ranar ya ga hannun nan yana daka sakwara.

Sikola ta tsaga. Saura yadin cikewa, kuma Oyindamola ta riga ta ce ƙarshen bandir ke nan. Rachel ce ta ce ai babu gidan da ba shi da mataccen lema a ƙarƙashin gado. Washegari matan zumuntar coci suka zo da lema goma sha ɗaya, masu karyayyun haƙarƙari, ja da rawaya da kore, ɗaya ma da tallar sinadarin miya. Aka farke yadinsu, aka haɗa yanki da yanki. Kowane layin ɗinki Mama Liya ta sa aka goga masa kyandir don kada ruwa ya bi ramin allura. A kan ƙaramar hular ce ta ƙi sassauci. Ta sa aka yanko siririn roba daga tsohuwar jarka, aka zura a bakin hular don ta tsaya a buɗe, kada ta faɗo wa yarinya a fuska. Sau uku tana sa a farke.

"Ruwa muke hanawa shiga," ta ce, "ba iska ba."

Ranar Asabar da hantsi aka yi gwaji a tsakar fili. Baba Obadiah ya hau benci da butar ban ruwan lambunsa, ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ne Agusta," ya juye musu a ka. Aka buɗe, aka shafa rigar Peace: a bushe. Mama Liya ta ce Agustan da ta sani ya fi haka rashin mutunci, a ƙaro bokiti biyu. Aka ƙaro. Peace ta leƙo daga ƙarƙashin rabin tallar sinadarin miya tana dariya.

Litinin, ranar da Sikola ta koma aiki, ruwan gaske ya sauko a hanyar Bomo. Wani manomi mai suna Cindo yana nan da ransa, kuma yana ba da labarin ba tare da an roƙe shi ba: ya hango abu a kan babur cikin ruwa, shuɗi ta gaba, kala-kala ta baya, da kawuna biyu, sai ya yar da fartanya ya shige cikin masara. Da la'asar Sikola ta tsayar da babur a ƙofar rumfa, taɓo har gwiwa. Ta cire kwat, ta kwance goyo, ta miƙa wa Mama Liya yarinya tana barci, ɗumi, a bushe har ƙeya. Takardar barin aikin kuwa Mama Liya ta karɓe ta, ta ce takarda ce mai kauri, bai kamata ta lalace ba. Da ita aka yanka fasalin aljihu. Tana nan a ƙusa.

Mama Liya, ke ce wadda ta iya yanka ta ɓoye hannunta don wata ta iya. Ke ce malamar da ta ce "laifina ne" a gaban ɗalibanta, rumfa kuma ba ta rushe ba. Uwar benci, mai almakashi a cikin safa! Daga ranar nan kin canza dokar awo, duk mai goyo da ta miƙo miki yaro sai ki mai da hannuwanki baya ki ce, "Da shi za ki fita, da shi za a auna ki." Zanen siminti na kwat ɗin an kwafe shi har ya yi laushi kamar tsumma: masu tallar nono, malaman firamare, wata ungozoma a Unguwar Gabas, kowace ta zauna ta ɗinka tata da hannunta. Sikola tana nan a bakin aikinta, kwat ɗinta kuma ta rufe ƙannen Peace biyu.

Mun gode, Mama. Allah Ya hutar da idanunki, Ya bar miki bakinki yadda yake. Almakashin zai koma hannun Rachel, an ce har da safar.

Sauranmu kuma, masu koyarwa a aji da masu tsara wa jama'a rayuwa daga ofis, ba sai mun koyi ɗinki ba. Ya isa mu riƙa auna mutum tare da abin da yake ɗauke da shi, kuma in mun yi kuskure mu faɗa da bakinmu tun kafin ya nemi biro. In damina ta sauka kuka hangi babur yana tahowa cikin ruwa da kawuna biyu, kada ku shige masara kamar Cindo. Ku ɗaga hannu. Aikin Mama Liya ne ke wucewa.