Kalmar Rairayi da Idon 'Yata

Edita, ina gaisuwa, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce aji uku ba. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da zuwa Kafanchan daga ƙauyenmu ba, da goyon 'yata mai rarrafe. Maigidana yana aikin jirgin ƙasa, muna zaune a kwatas ɗin ma'aikata. Hausar da na zo da ita ta kasuwa ce da ta coci. In na yi magana sai in ga matan kwatas suna kallon juna, don haka na saba da gyaɗa kai ko ban gane ba.

A zumuntar mata ta cocinmu akwai wata malama daga wajen Zariya, Hausarta mai zurfi. Wata rana ta koya mana wani abincin Turawa. Ta ce na ainihin da wata taliya mai faɗi ake jera shi hawa-hawa, ba a samunta a nan, amma makaroni ma ya isa. A dafa shi sama-sama, a juya da miyar tumatir da dakakken nama, a zuba a kwano, a kaɗa ƙwai da madarar gwangwani a kwarara a kai, a gasa. Wadda ba ta da obin ta zuba rairayi a gindin babbar tukunya, ta ɗora kwanon, ta rufe, ta sa garwashi kan murfin. Duk na riƙe sai rairayin nan. Yashi na sani, rairayi ban taɓa ji ba. Har na fara ɗaga hannu, na ga matar akawu tana kallona, sai na sosa kunne. Kashegari na tambayi maƙwabciyata inda ake sayar da rairayi, ta yi dariya ta ce haba amarya, wa ke sayen abin da ke zube a bakin rafi. Ban ƙara tambaya ba.

Maigida ya ce ogansa da madam za su ci abinci a gidanmu ranar Lahadi bayan sujada, in fitar da shi kunya. Da safe na je rafi na tsaya ina dubawa. Ga yashi, ga ƙananan duwatsu masu santsi. Na ce a raina da yashi malama take nufi da yashi ta ce. Sai na tsamo duwatsun daga cikin ruwa, don su na ga sun fi tsabta.

Damina ce, ana yayyafi, na hura gawayi a cikin ɗan kicin ɗinmu. Yarinya tana fitar da haƙori, ta ƙi goyo, na zaunar da ita kan tabarma kusa da ni. Na jera duwatsun a gindin tukunyar ƙasa, na ɗora kwanon, na rufe, na sa garwashi. Da ta ɗauki zafi na riƙa jin ƙas-ƙas daga ciki, amma na ce ƙila haka gashin yake. Na leƙa ƙofa in ga ko baƙin sun iso, sai na ji ƙara kamar bindiga. Na juyo, tukunya ta tarwatse, garwashi ya watsu ko'ina. Yarinya ba ta yi kuka nan take ba, kuma shirun nan ba zan manta da shi ba. Sannan ta tsala ihu, hannunta a kan idon hagu, jini da toka suna bin yatsunta.

Na sure ta na fita ba ɗankwali, na yi karo da maigida da baƙinsa a bakin ƙofa. Motar ogan ce ta kai mu asibiti. Sista mai jinya ta tambaye ni me nake dafawa, na faɗa mata duka. Ta ce 'yar'uwa, jiƙaƙƙen dutse fashewa yake a wuta, rairayi kuwa ai yashi ne. Aka ɗinke fatar idon aka naɗe, aka ce sai kumburi ya sauka za a san ko tana gani. Muna zaune a benci, maigida yana ta murza hularsa. Kwanakin nan ban iya cin komai ba. Ranar da aka kwance bandejin, sista ta rufe mata idon dama ta kaɗa makullai a gabanta. Yarinya ta bi su da kallo, ta miƙa hannu ta cafke. Na zauna a ƙasa na rungume ta.

A hanyar gida maigida ya tambaye ni me ya hana in tambaye shi, ai ya san kalmar. Na ce na ji tsoron ya ga ya auro 'yar ƙauye. Ya ce maman bebi, dariyar mutane ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba.

Yau tabon yana nan, gashin girarta bai ƙara fitowa a wurin ba. 'Yan'uwana mata, musamman mu da Hausa ba harshen uwarmu ba ce, in an koya muku abu kuka ji kalmar da ba ku sani ba, ku tambaya a wurin, ko za a yi dariya. Kada ku sa dutsen rafi a wuta, kada ku zaunar da yaro kusa da murhu ko yana kuka. Ni Allah ya bar mini idon 'yata, ban san abin da zan gaya mata ba da ya tafi.