Zumar Dabino a Hawa na Huɗu

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, yayata ta haihu a Dubai, aka tura ni in taya ta reno. Alkawarin shi ne in yaro ya yi ƙwari za a nema mini aiki in zauna. A unguwar Abu Hail suke, ɗaki da falo a hawa na huɗu. Mijinta a wani sito yake aiki, yakan shigo da dabinon da kwalinsa ya fashe.

Bakina ne ya fara. Na ce ai Babanmu ruwan rake yake dafawa ya zama mazarƙwaila, dabino ma in an jiƙa an tace an dafa, zuma zai koma. Ina ta iyayi, alhali ko ludayin ban taɓa riƙewa ba.

Ran Asabar sai ga mijin yayata da wani faffaɗan faranti da ya sa aka yi masa walda. Ya ɗora a kan murhun gas biyu a tsakiyar falo. Na ce, "Yaya, wannan fa a waje ake yi, tururi gare shi."

Ya ce, "So kike mai gadi ya gani? Rufe tagar nan, yalla, maza."

Na rufe. Kafin la'asar bango har zufa yake. Can zumar ta taso ta malalo kan wuta, hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Na kai hannu in ja farantin, ya tuntsuro mini a damtse. Tafasasshiyar zuma ba ta gangarewa kamar ruwa, mannewa take yi.

Duk mutanen benen suka fito titi cikin rana. Da 'yan kwana-kwana suka tambayi wa ya kunna, da Turanci mijin yayata ya amsa, ya ɗauka ba na ji. Wai ƙanwar matarsa ce, daga ƙauye ta zo, shi ba ya ma gida. Na dubi yayata. Tana ta gyara wa jariri hula.

A tasi, hanyar asibiti, ta ce, "Ki bar shi a haka, don Allah. Bizarmu duk a kansa take. Ke ai baƙuwa ce."

Mai bene ya ce ko in bar gidan ko su tashi duka. Da bandeji a hannu na hau jirgi.

Ƙunar ta warke tuntuni. Amma har yau ko ƙararrawar waya ce ta yi kuka ba shiri, sai in zabura in dafe damtsena. Ban riƙe mijin yayata da zafi ba, dama ba ɗan'uwana ba ne. Ita ce. In ta zo gida aka taru, da kanta take ɗauko labarin ranar da wai ni, autar gida, na kusa ƙona bene a Dubai. Har kwaikwayon ihuna take yi. Mama ma tana dariya, ni kuma ina jawo hannun rigata ƙasa.