Manhajar da ta karanta wa yayata hotuna

Shekarun baya, lokacin da ciwon ido ya ci ƙarfin yayata, gidanmu na Roni ya yi tsit. Malamar firamare ce mai barkwanci, irin wadda in ta shigo gida sai kowa ya san ta shigo. Da ganinta ya ragu har ta daina bambance fuskoki, sai ta ajiye aiki, ta tura wayarta ƙarƙashin filo. Ta ce mini abin da ya fi ci mata rai shi ne a turo hoto kowa ya yi ta dariya, ita tana zaune ba ta san me aka gani ba.

Na kai kukana wurin wani abokina mai gyaran waya a Kazaure. Shi ya ba ni labarin wani dandalin sada zumunta da ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Ya ce in ɗauke shi kamar kasuwar Babura da ta Gwiwa, kowace da shugabanninta, amma kaya na tafiya tsakaninsu. Shi da wasu samari sun kafa ɗan ƙaramin zaure a ciki na mutanen yankinmu, kuma duk wanda ya iya zai rubuta manhajar shiga yadda yake so. Na yi ta gyaɗa kai kamar wani masani, alhali rabin zancen ya bi ta kaina ya wuce.

Cikin manhajojin ya zaɓo wadda wata mata a can wata ƙasa mai nisa ta haɗa ita kaɗai. Ba ta barin ka saka hoto sai ka rubuta abin da ke ciki, wayar kuma ta karanta wa mai saurare.

Ranar da muka fara gwadawa, muryar wayar ta kama Hausa ta yi mata kaca-kaca, kamar Baturiya ta shigo kasuwa. Mahaifiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai na ji yayata ma ta fashe da tata, abin da muka daɗe ba mu ji ba. Ta ce, "Ƙanena, ina ka samo wannan ɗalibar? Bar mini ita."

Ni ne na fara shan faɗa. Na saka hoto na rubuta "akuya" kawai. Yayata ta kira ni ta tambaya ja ce ko baƙa, tana da ciki ko babu, a tsaye take ko a kwance. Daga nan mutanen zauren suka shiga gasar bayani saboda ita. Akwai wani makiyayi a Babura da in ya kwatanta saniyarsa har ƙahon ma sai ka gan shi.

Matsalar ita ce dattawanmu da yawa ba su iya rubutun boko ba. Yayata ta matsa mini in roƙi mai manhajar ta ba da damar yin bayanin hoto da murya. Na harhaɗa Turancina mai ɗingishi na tura, ban sa rai ba. Sai ga amsa, tana tambayar irin wayoyin da muke riƙewa da yanayin sabis a ƙauyukanmu. Kafin damina ta kama, maɓallin ɗaukar murya ya fito a manhajar.

A cikin daminar ƙanwarmu ta haihu a Gwiwa. An yi wa yayata aikin ido, likita ya hana ta tafiya, sai ni na kai mahaifiyata. Yayata ce 'yar fari, mahaifiyata ba ta kiran sunanta, ba ta kuma sakin baki da ita saboda alkunya. Da na ɗauki hoton jaririyar, sai mahaifiyata ta miƙo hannu ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Ta juya mini baya, ta kai wayar bakinta ta ce, "Ke, kina ji ko? Yarinyar ja ce, ga gashi har goshi. Hancinki ne sak. Ranar da na haife ki haka kike, ina ta satar kallonki don kada a ce ba ni da kunya."

Da muka dawo na tarar yayata ta kara wayar a kunne tana ta maimaitawa, tana murmushi. Ta tambaye ni ko da gaske Inna ce ta faɗi haka da bakinta. Na ce a gabana aka yi.

Ganin nata bai dawo duka ba, amma yanzu ita ke kula da zauren, tana kuma koya wa yaran unguwa karatu a tsakar gida. Matar da ta haɗa manhajar ban taɓa ganin fuskarta ba, duk da haka tana cikin waɗanda mahaifiyata ke sa wa albarka bayan sallah. Ni kuwa har yau in zan saka hoto sai na tsaya na dube shi da kyau, don na san akwai mai jiran in faɗa mata abin da na gani.