Kwanon Yaya a Wajen Ciyayya

Ban taɓa shan wahala irin ta shekarar da Yaya ya kwanta ba. Zirga-zirgar Kano ta ci mini rai, amma mutanen unguwarmu sun fi ta.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, shi ne babba. Muna ƙanana ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu aka dawo da mu nan ƙasar Bebeji. Da muka tasa shi ya kama kamun kifi, ni na kama noman rani. Ciwon cikinsa kuwa ya girmi 'ya'yansa. Kowa ya ce olsa ce. In ta motsa ya jiƙa kanwa ya sha, ko ya tare 'yar Fulani ya sayi nono, ko ya aika kemis a kawo farin maganin nan mai kauri. Sai da ya fara baƙin amai, wando ya daina zama a ƙugunsa, sannan ya yarda muka je Kwanar Ɗangora muka hau motar Kano.

A asibiti suka zura masa wata roba ta maƙogwaro suka duba. Likita ya ce ciwon daji ne a tumbi. Na tambaye shi ta yaya olsa ke zama daji. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a cikin mutum shekara da shekaru tana cin bangon tumbi. Shi kuma jiki yana da abin da ke hana mugun tsiro fitowa, amma yawan cin da take yi sai ya rufe shi, kamar yadda nake toshe bakin fangalin ban ruwa da laka: hanya tana nan, ruwa ba ya wucewa. Ya ce ƙwayar ana ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Ya kuma ce sai Yaya ya ci abinci ya yi ƙwari, in ba haka ba ba za su iya yi masa aiki ba.

Mu a unguwarmu har yau ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar masallaci, a jera, a ci na wannan a koma kan na wancan. A nan aka tambaye ni jikin Yaya, na kwashe bayanin likita duka na faɗa. Duk abin da na ce, "ana ɗauka" kawai suka riƙe.

Kwana kaɗan Yaya ya ɗan ji dama ya fito da tuwonsa. Aka gaishe shi, aka yi masa addu'a, sannan kowa ya kauce wa kwanon Yaya kamar da kunama a ciki. Moɗar randa ma wani ya janye ta gefensa. Maƙwabcinmu mahauci, wanda ya shekara ashirin yana cin kifin Yaya kyauta, ya ce wai shi yau ya ƙoshi, alhali hannunsa na cikin miyar liman. Yaya ya rufe kwanonsa ya shige gida. Tun daga ranar ko kunu matarsa ta kai masa sai ya juya fuska bango.

Da na koma karɓar magani na sake tare likitan. Ya ce daji ba a ɗaukarsa. Ƙwayar kuwa galibi tun ana yara take shiga, kuma da wuya a ce babu masu ita a kan tabarmar nan tamu. Duk mai ciwon ciki ya zo a gwada shi, akwai magani, ni ma in zo.

Na dawo na faɗa musu a wajen ciyayya. Mahaucin ya suɗe yatsunsa ya ce, "To shi likitan naka zai zo ya ci da yayan naka?"

Aka yi dariya. Na ce, "Kai da kake gyatsa kamar tsohon injin ban ruwa, kai ya kamata a fara gwadawa."

Liman ya ce in yi haƙuri, tsoro halak ne. Na ɗauki kwanona ban ci ba na tafi.

Washegari da safe ban je gona ba. Na sa aka dama koko, na shiga ɗakin Yaya da ludayi ɗaya, na zauna bakin katifarsa na sha, na miƙa masa.

"Ɗauko naka daban," in ji shi.

"Yaya, tun muna tsirara muke sha da ludayi ɗaya. In akwai abin ɗauka na daɗe da ɗauka."

Sai ya karɓa ya kurɓa kaɗan. Na ajiye kwanon inda hannunsa zai kai, na fita neman mai babur ya kai ni Kwanar Ɗangora, in hau motar Kano in je a gwada ni.